Na Yi wa Wiwi Ban-ruwa a Cikin Ramata

Samaru, Zariya

Zuwa ga autata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanina da ke, har ina jin motsinki kina haɗa kaya. Allah ya tsare min ke a zaune da a tafe, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baƙin mutane.

Yau kwana uku ban yi miki magana ba. Kin durƙusa a gabana kin ce kin sami aiki a Abuja. Na ce alhamdu lillahi, wane aiki? Kika ce wani kamfani ne da ke neman gwamnati ta halatta noman wiwi, ke kuma da kika karanta aikin gona za ki riƙa zagaya ƙauyuka kina shirya manoma kafin dokar ta fito. Kika ce motar Asabar za ki bi, amma ba za ki taka ƙofar gida ba sai na sa miki albarka. Na tashi na bar ki a durƙushe. Jiya bayan la'asar ina zaune ina huci ni kaɗai, sai na gane abin da nake yi miki shi ne abin da na yi wa yayanki har ya mutu, wato shiru. Shi ya sa na yago takardu daga tsohon littafinki. Karatuna firamare ne da Islamiyya, kar ki tsaya gyara min rubutu. Ki karanta kawai.

Raina a ɓace yake, Bilkisu, ba zan ɓoye miki ba. Ko shekara biyu ba a cika ba da aka fita da yayanki daga gidan nan a makara. Kina nan, ke kika riƙe ni da na faɗi. Duk ayyukan da ke duniya, wannan kika ɗauko kika kawo min? Har kina lissafa min da yatsu: wai gwamnati za ta sami haraji, matasa za su sami aikin yi, za a yi magani da shi, kurkuku zai ragu. Kika ce, "Inna, ba na sha ba ne fa, na magani ne, kuma gonakin masu lasisi ne, da shinge da masu gadi." Na ji ki. Yanzu ke ma ki ji ni. Ba zan yi miki wa'azi ba, malamai sun fi ni iyawa. Laifuffukana zan faɗa miki, waɗanda ba ki sani ba, domin lokacin kina makarantar kwana, daga baya kuma na ɓoye miki.

Yayanki ɗan fari ne, kuma sunan kakanku na wajen uba aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. Yadda aka tarbiyyantar da ni a Bomo, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Na riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowa, har ana misali da ni a dangi. "Yaron nan" nake ce masa, ko in ce "kai". Ke na goya ki na yi miki rawa a tsakar gida, na tauna miki gyaɗa na sa miki a baki. Shi kuwa ko zazzaɓi yake yi sai in aika wani ya tambaye shi ya jiki. Ina sonsa har cikin ƙashina, amma ina jin daɗin a ce Hajara akwai kunya.

Kin san ɗan filin nan na bayan ɗaki, bakin rariya, inda nake shuka rama don fate da kwaɗo. Shekarar da babanku ya rasu, da damina ta ɗauke na ci gaba da yi mata ban-ruwa da ruwan wanke-wanke. Sai na ga wasu tsirrai a tsakiya sun fi sauran kore, ganyensu sirara masu yatsu kamar na rama. Na ce a raina wani sabon iri ne cikin waɗanda babanku ya bari a gwangwani, tunda shekara da shekaru yana lebura a gonar gwaji ta jami'a, kullum da irin da zai shigo da shi. Da yana raye, kallo ɗaya zai yi musu ya gane. Ni kuwa har taki na ƙara musu. Kuma sai ga yayanki, wanda bai taɓa son riƙe fartanya ba, yana tsugunawa da safe yana cire musu ciyawa. Na ji daɗi. Na ce mutuwar uba ta sa shi hankali.

Ranar nan maƙwabciyarmu Maman Ladi ta shigo tsinkar rama za ta yi miya. Ta sunkuya, ta tsaya, ta ɗago ta dube ni.

"Hajara, wannan fa?"

Na ce, "Rama ce mana."

"Ramar gidan wa?" Ta murtsuke ganyen ta kai min hanci. "Shaƙa ki ji. In wannan rama ce, to ni ma Hajiya ce, bara na sauke farali."

Ita da ba ta fashin coci ko ana ruwan ƙanƙara. Na yi dariya don ban gane ba tukuna. Ta ce, "Kina dariya? Ki yi fate da shi ki raba wa layin nan, ki ga yadda za mu wuni muna gaisawa da bango. Wiwi ne, 'yar'uwa. Wiwi kike wa ban-ruwa."

Na zauna a kan turmi.

Ta ce, "Yau ɗin nan ki kira shi ki zaunar da shi."

Na ce, "Ni? Ɗan fari?"

"Ɗan farin daga cikin wa ya fito? Mu a wajenmu na fari da na ƙarshe duk kunne ɗaya ake ja musu. In ba za ki iya ba, ki bar ni da shi."

Na ce a'a, ta rufa min asiri, zan san abin yi. Ga abin da na yi: na jira ya fita da keken haya mai ƙafa uku da yake tuƙa wa wani, na tumɓuke su duka na zuba a masai, na share wurin tas. Da magariba ya dawo ya wuce bayan ɗaki. Ya daɗe. Ya fito ya tsaya a kaina ina kwashe tuwo. Ya san na sani, na san ya san na sani. Na ga bakinsa yana motsi.

Ya ce, "Inna, sannu da gida."

Na ce, "Yauwa. Abincinka na cikin kwano."

Shi ke nan. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan wiwi ke nan, ni da ɗan da na haifa. Shekarunsa goma sha tara a lokacin. Da na ce masa zauna, da ya zauna. Na yi imani a ranar jira yake in yi masa faɗa.

Don haka ki ji ni. Duk ranar da kika ga abin da ba daidai ba, a gidanki ne ko a wurin aikinki, ki buɗe baki a ranar. Kar ki bari a yabe ki da kawaici. An yabe ni da shi shekara ashirin da wani abu, masu yabon nan kuwa kwana uku suka yi a zaman makoki suka koma gidajensu. In Allah ya ba ki haihuwa, ki kira ɗanki na fari da sunansa, da ƙarfi, kowa ya ji. Wanda ya ce ba ki da kunya ki turo min shi.

Sannan ki dubi maganar shingenku da masu gadinku. A lokacin da abin nan yake laifi, ana farautarsa, ya shigo har bayan ɗakina ya yi wata biyu ina shayar da shi. Irinsa bai kai ƙwayar dawa ba. Yaron da zai yi muku noma a gonar lasisi ba shi da aljihu ne? Mai gadin ba shi da ƙane? Ku da kuke zaune a ofis kuna zana shinge a takarda, wanne ne a cikinku ya taɓa hana akuya shiga gona?

Laifina na biyu ya fi na farkon muni, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan rasuwar babanku na fara sayar da shinkafa da wake da ɗanwake a layin ɗakunan ɗalibai. Da farko a bakin titi nake, ciniki kadaran-kadahan. Sai na lura akwai wani kango a ƙarshen layin da samari ke shiga da rana su fito idanunsu jajir. In sun fito, yunwa ce ke cin su kamar waɗanda suka yi azumin kwana biyu. Mutum ɗaya ya ci kwano biyu ya ce a ƙara, ba ya neman ragi, ba ya cewa mai ya yi kaɗan. Bilkisu, da hannuna na ɗauki teburina na matsar da shi kusa da kangon nan. Ba wanda ya sa ni. Na san warin, tunda an taɓa kai min shi hanci. Na ce a raina ni abinci nake sayarwa, ban sayar wa kowa da hayaƙi ba, 'ya'yan wasu ne, iyayensu su ji da su. Kafin la'asar tukunyata ta ƙare. Har na saba, in na ga yaro ya fito yana lumshe ido sai in ji sanyi a raina, in ce ga ciniki.

Da wannan cinikin na yi miki sayayyar makaranta. Da shi kika ci, da shi kika yi digirin da kike taƙama da shi. Saboda haka kar ki zo kina koya min yadda wiwi ke kawo arziki. Na riga ki sani, na riga gwamnatinku sani. Yana kawowa. Abin da ba a faɗa miki ba shi ne yadda yake sauya zuciyar mai karɓar kuɗin. Ni da nake sallah biyar, na koma mai fatan 'ya'yan mutane su bugu don tukunyata ta ƙare. Ni ke nan mai teburi ɗaya. To ina ga kamfani mai motoci? Ina ga gwamnatin da za ta saba biyan albashi da harajinsa? Na yi sana'a, na san babu mai sayarwa da ke addu'ar masu saye su ragu. Ranar da aka saba da kuɗin nan, babu wanda zai so yaran Samaru su daina sha, ko me zai faɗa a rediyo.

Kuma ina zaune a teburin nan na ga abin da ya kamata ya tashe ni tsaye. Su ɗaliban ba sa zuwa saye da ƙafarsu. Suna tsoron a gan su. Yaran unguwa masu keke suke aika Sabon Gari, su biya su kuɗin hanya su ɗan tsakura musu. Sau nawa na ga keken yayanki ya tsaya a bakin kangon, babu fasinja, ya shiga ya fito? Sai in sunkuyar da kai ina juya miya, kamar ban gane keken ba. Wata rana har ya zo ya tsaya a layi da abokansa, na zuba masa kamar kowa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mama, a ƙara wa direbanmu nama, yau ya yi aiki." Na ƙara masa.

Ki kula da wannan, domin shi ne abin da takardunku ba za su nuna miki ba. Su waɗancan yaran sun sha, sun gama karatu, sun tafi. Ba na ce duka ba, amma mafi yawansu. Suna da gidajen da za su koma, da iyayen da za su kai su asibiti a ɓoye in abin ya taɓa su. Namu na unguwa su suka zauna da shi. Ki bi layin nan yau ki ga su waye ke kwance a gindin bishiya da hantsi. Ba za ki ga ɗan mai kuɗi ko ɗaya ba. Abu ɗaya aka sha, amma ba sakamako ɗaya aka samu ba. In an halatta ma haka za a yi: masu lasisi daga sama, masu sha daga ƙasa. Wa zai ba ɗan Hajara mai ɗanwake lasisi? Duk aikin da za ki shiga, ki fara tambayar wa zai ci riba, wa kuma zai ɗauki wahalar, in ba mutum ɗaya ba ne ki yi hattara.

Kar kuma ki sake ce min ganye ne kawai. Na ji kin faɗa wa ƙawarki a waya. Na san akwai waɗanda suke sha shekara da shekaru suna harkokinsu. Yayanki ba ya cikinsu. Ya fara magana shi kaɗai. Ya ce ana binsa. Ranar nan ya tsayar da keke a tsakiyar titi a Palladan, da mata biyu da kayan cefanensu a ciki, ya sauka ya kama tafiya a ƙasa, sai a Bomo aka gan shi zaune a bakin gonar kawunku. Wane ne zai duba goshin yaro ya ce wannan zai ɗauka, wannan ba zai ɗauka ba? Kamfaninku? Ni da na haife shi ban sani ba.

Yanzu na zo kan wanda ya hana ni sukuni, kuma a nan kin fi ni gaskiya, shi ya sa ya fi ƙona min rai.

Bayan abin da ya faru a Palladan, maimakon in kama hannunsa mu tafi asibiti, sai na tafi wajen Baffa Sale, ƙanin babanku. Har a lokacin ina neman wanda zai yi magana a madadina. Baffa ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Na san wani a wajen hukuma. Su ɗauke shi kwana biyu, su ɗan tsorata shi, ya ga yadda ɗakin da ake kulle mutane yake. Wallahi da kansa zai dawo yana ba ki haƙuri." Na ce ba za su dake shi ba? Ya ce, "Haba, ɗana ne fa." Na yarda. Ni na gaya musu lokacin da yake wanke keke a ƙofar gida.

Suka zo da safe. Ina bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Abin da ni da Baffa ba mu sani ba, akwai ƙunshin aiken ɗalibai a ƙarƙashin kujerar keken. Suna ɗagawa suka gani. Nan take magana ta tashi daga mai sha ta koma mai sayarwa. Da za su sa shi a mota ya waiwayo, ya ga gefen zanena.

Ya ce, "Inna, ke ce?"

Na janye zanena, na tura ƙyauren.

Kwana biyu suka zama wata goma sha ɗaya yana jiran shari'a. Mutumin Baffa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, daga baya ya daina ɗaukar waya. Na bi ɗakunan ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, wani ya fito ya ce nasa ne, ko iyayensa su sa baki. Wanda ya ce in ƙara wa direbansu nama ya dube ni ya ce, "Mama, wane mai keke? Masu keke ai suna da yawa." Bayan wata biyar na gan shi da rigar gama karatu, yana ɗaukar hoto da mahaifiyarsa a bakin titi, tana ta guɗa. Ban tsine masa ba, amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Kin ga yadda ya fito. Ya shiga yana shan abu ɗaya, ya fito ya san sunan ƙwayoyin da ban taɓa ji ba. Ya fito da tarin fuka. Mai keken ya ba wani. Iyayen yarinyar da yake nema suka dawo da kayan da aka kai. Ba wanda zai ba shi aiki, ko ɗaukar bulo, sai a ce ai ɗan wiwin nan ne da aka ɗaure. Na kai shi asibitin masu taɓin hankali, muka wuni a layi, likita ɗaya mutane sun fi a ƙirga, aka ce mu dawo bayan wata guda. Maganin tarin kuwa in ya sha yau gobe ya zubar, ya ce guba ake ba shi. Daga hannuna ne ba ya karɓa, Bilkisu. Daga hannunki yana karɓa in kin zo hutu. Kin taɓa tambayata dalili na ce rigimarsa ce kawai. To ga dalilin. Bai taɓa gaya miki ni ce ba, ya rufa min asiri har ya koma ga Allah.

Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyata. Rabona da in ɗora kansa a cinyata tun yana shan nono. Ko a lokacin bakina "kai" yake cewa, "kai, kai, buɗe ido." Sunansa Haruna. Haruna ɗana. Yau na fara rubuta shi, kuma ba zai gani ba.

To kin ce da ba laifi ba ne a doka, da ba a kulle shi ba. Gaskiya ne. Da ba ni da inda zan kai ƙararsa, da wataƙila dole ta sa na yi masa magana da kaina. Kurkuku bai gyara min ɗa ba, ya ƙarasa shi ne. In za ki je ki gaya wa manya su daina ɗaure yaro don an gan shi da ɗan ƙulli, su kai shi wajen likita, su kuma samar da likitocin, zan bi ki har Abuja da ƙafata in ba da shaida. Amma ki dube ni da kyau. A daina ɗaure mai sha abu ne daban, a buɗe kasuwa abu ne daban. Kamfaninku na biyun yake so. Na farkon yake ɗorawa a gaba don mutane irina su yi kuka su ce to. Da gawar irin su Haruna za su yi talla, in sun sami lasisinsu ba za su gina ko ɗaki ɗaya na jinya ba. In na yi musu ƙarya, ki tambaye su a gaban kowa: cikin ribar, nawa aka rubuta za a kashe wa waɗanda abin zai haukata, kuma wa zai tilasta? Ki dubi fuskarsu lokacin da suke amsawa. Kuma ko me ɗanki ya yi wata rana, kar ki miƙa shi ga baƙi su gyara miki. Su ba su san ranar da ya fara tafiya ba.

Saura maganar manoma, tunda su aka ɗauke ki ki lallasa. Ina yarinya a Bomo masu sayen ganyen taba suka zo da irin maganar da za a sa a bakinki. Suka ba da iri, suka ba da taki, suka ce a bar wahalar dawa. Babana ya ba taba gonarsa mafi kyau. Mu yara muka wuni muna shirya ganye a igiya, hannuwanmu baƙi ƙirin da danƙo, abinci ma ɗaci yake mana. Shekarar farko aka ji daɗi, har ya sayi rediyo. Shekara ta uku suka zo suka juya ganyen suka ce bai kai daraja ba, su ne masu saye su ne masu sa daraja, kuma babu wani mai saye sai su. Ba a tuƙa tuwo da ganyen taba. Shekarar nan manomi ɗan manomi ya tafi kasuwa awon dawa da kwano, yana ɓoye fuska. Taba ke nan, da in ta yi kwantai sai dai a zubar. Wiwi in kamfani ya ƙi saye, kina tsammanin manomi zai zubar? Ga dubban ɗalibai a bayan katangarsa? A ƙauyen zai ƙare, a bakin 'ya'yansa da na maƙwabta.

Ga abin da na yanke, tunda kin ce sai da albarkata.

Ba zan hana ki tafiya ba. Na yi tunanin in ce ban yafe ba in kin taka tasha, na san kuma da kin zauna, domin ke mai biyayya ce. Amma kin yi shekara biyu da takardarki a cikin akwati kina neman aiki, na ga yadda kike ramewa. Kuma gara a ce a cikin ɗakin da ake wannan shawara akwai mutum ɗaya da ya taɓa wanke kayan mai tarin fuka. Ki je. Ki faɗa musu abin da na rubuta miki, da sunansa, ba na jin kunyar kowa yanzu. In sun saurare ki, ki zauna ki yi ta faɗa. In sun ce ki yi shiru ki karanta abin da aka rubuto miki, ki ɗauko jakarki ki dawo, tuwon gidan nan bai ƙare ba. Kar ki ci ko ki sha abin da ba ki san yadda aka haɗa shi ba a wajen tarukansu, ko da wasa, ko an ce ɗanɗano ne. Kar ki bar sallah saboda taro.

Albarkata a kanki take, ke Bilkisu, duk inda kika sa ƙafa. Aikin kuwa ban sa masa albarka ba, kuma kar ki aiko min da ko sabulu daga albashinsa, na riga na ci rabona na wannan kuɗi. Sannan ki riƙe wannan da kyau: ranar da dokarku ta fito, kika zo Bomo da motar kamfani da iri a buhu, aka tara manoma a ƙofar gidan mai unguwa, za ki same ni a zaune a gaba. Ina jin kin gama bayani zan miƙe. Zan ce wannan 'yata ce, ni na haife ta, ina sonta, kar ku karɓa. Zan faɗa musu komai, har da teburina da bayan ƙyauren zaure. Ki tafi da sanin haka, don kar ki ce na yi miki ba-zata.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa direban ya zama mai haƙuri a hanyar Kaduna. Allah ya haɗa ki da masu tsoronsa, ya ba ki bakin faɗin gaskiya a inda ake biyan mutum don ya yi shiru. Ya jiƙan babanku, ya jiƙan Haruna, ya yafe min abin da na yi masa. Ya dawo min da ke da ƙafafunki da hankalinki. Amin.

Mahaifiyarki,
Hajara